Shin laushin ɓawon ƙwai a sagaru yana wucewa da kansa?

Mai kiwo daga Zariya: Assalamu alaikum, jama'a. Ina da kaji 12 irin Isa Brown a bayan ɗakina, sun soma ƙwai a mako na 19, yanzu kuma suna cikin mako na 25. Kusan kullum da safe nakan tarar da ƙwai ɗaya ko biyu a ƙarƙashin sandar da suke kwana, babu ɓawo sai wata tantanin fata da ke lotsawa idan na sa yatsa, wasu kuma suna tsagewa tun kafin in kai su kiret. Maƙwabciyata ta ce halin sagaru ke nan, in ƙyale su zai wuce. Shin haka ne?

Dattijo daga Funtuwa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya. Sagara ba ta gama koyon aikin ba, shi ya sa za ki ga tana yin ƙaramin ƙwai, ko mai gwaiduwa biyu, ko marar ɓawo. Na shekara da shekaru ina kiwo, ban taɓa sayen magani saboda wannan ba, kuma kajin sukan daidaita da kansu.

Likitar dabbobi daga Kano: Baba, a gafarce ni, maganarka tana da tushe amma tana da iyaka. A makonnin farko yakan faru gwaiduwa biyu su sauko kusa da juna, sai ɗaya ta wuce ba ta samu ɓawo ba, wannan kuwa ba cuta ba ce. To amma kajin Hajiya sun yi mako shida suna ƙwai, kuma abin yana maimaituwa kullum, don haka ba zan ce a zura ido ba. Ƙwai yana ɗaukar kimanin awa 25 kafin ya kammala, wajen awa 20 daga ciki a mahaifa yake yi ana gina ɓawonsa, galibi da dare, kuma kowane ɓawo yana cin kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam. Idan abinci bai kawo shi ba, kazar daga ƙashinta take zara, har wata rana a iske ta kwance ta kasa tashi. Hajiya, me kike ba su?

Mai kiwo daga Zariya: Likita, ba zan ɓoye ba. Saboda tsadar buhu, nakan gauraya abincin masu ƙwai da dusar masara rabi da rabi, sannan akwai ragowar abincin 'yan tasowa da nake ƙarar da shi.

Likitar dabbobi daga Kano: To nan gizo ke saƙa. Abincin masu ƙwai yana ɗauke da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, na 'yan tasowa kuwa kusan kashi 1 ne, dusa kuma kusan babu komai a cikinta ta wannan fuska. Kin raba abin da suke bukata gida biyu a daidai lokacin da jikinsu bai gama girma ba. Kajin gida da Baba ya saba da su suna yawo suna tsintar tsakuwa da ƙwari, kuma ƙwansu kaɗan ne, ba kamar wadda ke tsare tana yi kusan kowace rana ba.

Matashi daga Maraɗi: Ni ban yarda cewa abinci ne kaɗai ba, Likita. Bazarar bara nawa abinci tsantsa suke ci, duk da haka da watan Afrilu ya kama, na riƙa ganinsu baki buɗe suna haki da fukafukai a sake, ɓawon ya koma kamar takarda. Da na ɗora zana a kan kwanon akurkin, na riƙa sauya musu ruwan randa sau uku a rana, abin ya ragu sosai.

Likitar dabbobi daga Kano: Ka kawo abin da na tsallake, Malam. Yawan haki yana fitar da iskar da jini ke bukata wajen haɗa ɓawo, zafi kuma yana rage cin abinci. Sai dai wannan ƙari ne a kan matsalar Hajiya, bai wanke dusar ba. Idan kuma aka ga ɓawo ya yamutse ko ya koɗe, farin ƙwai ya tsinke kamar ruwa, ga tari da raguwar ƙwai kwatsam, to a nemi likita, domin cututtukan numfashi na kaji suna ɓata mahaifa, a kuma duba ko an yi musu rigakafin Lasota, wanda ke kare su daga ɗaya daga cikin cututtukan nan, a kan kari.

Dattijo daga Funtuwa: Na karɓi batun dusa. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a ce ta mayar musu da ɓawon ƙwai su ci don samun kalsiyam, domin da idona na ga kaza ta koyi fasa ƙwanta ta shanye daga nan.

Mai kiwo daga Zariya: Baba, mahaifiyata takan gasa shi a kasko ta daka har kamanninsa su ɓace, ban taɓa ganin kazarta ta sha ƙwai ba. Amma ɓawon gidana ba zai ishi kaji 12 ba, saboda haka gobe zan nemo ɓarzajjen ɓawon kawa, wata halittar ruwa da ɓawonta ke cike da kalsiyam, a shagon abincin kaji, in zuba a kwano daban da la'asar don ya kwana a ƙundunsu, in kuma janye dusar. Bayan mako biyu zan dawo da lissafin ƙwan da ya fashe.