Ƙanena ya zarce ƙa'ida wajen shan Ritalin

Assalamu alaikum. Muna zaune a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Ƙanena ɗan shekara 19 ne, likita ya rubuta masa Ritalin saboda matsalar rashin natsuwa, ƙwaya biyu a rana. Tun lokacin jarrabawa ya koma shan shida, maganin wata ya ƙare cikin kwana 10. Ba ya runtsawa sai asuba, ya daina cin abinci, ya rame, zuciyarsa na bugawa da sauri, abu kaɗan sai faɗa, har da Mama.

Na ɓoye maganin. Ya kwana uku a kwance yana cewa rayuwa ta ishe shi, tsoro ya sa na mayar masa. Wani mai kemis ya ba mu maganin barci, bai yi amfani ba.

Don Allah masana, yanke masa za a yi gaba ɗaya, ko sai likitan ƙwaƙwalwa ya riƙa rage masa a hankali?