Ƙari a tsokar bangon ciki: abin da muka gani da kanmu

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan haihuwa ta tiyata na ji wani kumburi mai tauri a gefen ɗinki, aka ɗauka hanji ne ya turo ta wurin. Da aka yi hoton MRI, aka kuma ɗebi ɗan nama da allura aka gwada, sai aka ce ƙarin desmoid ne, wanda ke samun mutum 2 zuwa 4 kacal cikin miliyan a shekara. Likita ya ce ba zai cire shi yanzu ba, za mu sa masa ido, kuma wannan jiran yana tayar mini da hankali. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya gaya mini yadda ta kasance.

Wata uwa:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni ma a kan jira aka ajiye ni, da farko na ɗauka sakaci ne, har aka yi mini bayani cewa desmoid ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, amma yana kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, yana kuma iya dawowa bayan tiyata. Wasu kan tsaya ko su ragu da kansu. Nawa ya ɗan ƙaru a farkon lokaci, daga baya ya tsaya, yanzu hoto kawai nake zuwa yi.

Wani magidanci:
Nawa ya ci gaba da girma yana hana ni sunkuyawa, don haka aka cire shi tare da wani sashe na tsoka, aka toshe gurbin da raga. Abin da nake ganin ya fi muhimmanci shi ne tambayar da aka yi mini ko akwai kansar babban hanji a danginmu, domin wasu masu desmoid suna ɗauke da cutar gado ta FAP, wadda ke sa tsiro da yawa a babban hanji har su iya zama kansa. An duba hanjina da kyamara saboda haka.

Wata 'yar'uwa:
Nawa ba desmoid ba ne, endometriosis ne a tabon tiyata, wato nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa da ya tsiro a wajenta, kuma abin da ya tona shi shi ne ciwon yana tsananta lokacin al'ada. Ki tambayi likitanki girman da ƙarin zai kai, ko irin ciwon da za ki ji, kafin a sauya shawara zuwa tiyata ko magani irin su nirogacestat, wanda Amurka ta amince da shi a 2023.