Yaya ake bambance tsohuwar bindigar farauta ta Jamus da ta harbin gasa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san tsofaffin bindigogin Turai. An ba ni amanar adana wata bindiga irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, an kuma ce mini ƙirar Jamus ce, amma ina son in san zamaninta da aikin da aka ƙera ta dominsa. Bututunta mai kusurwa takwas ne, tsawonsa kamar santimita 70, faɗin raminsa kuma wajen milimita 15, kuma idan aka haska cikinsa ana ganin layuka bakwai da suka murɗa. Tana da kunama biyu, da wani ɗan akwati a gindin ƙotarta mai murfin katako da ake zamewa, kuma da 'yar hular jan ƙarfe mai fashewa idan an buge ta ake tayar da ita, ba da ƙanƙarar dutse mai fitar da tartsatsi ba. A saman bututun akwai suna da ya goge, kalmomin "in Suhl" kaɗai ake iya karantawa, wato a garin Suhl na Jamus. Abin da ya fi damuna shi ne ban ga tambarin gwajin hukuma a ko'ina ba. Shin ta farauta ce ko ta gasa, kuma rashin tambarin yana nuna cewa jabu ce?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam. A ganina ta gasa ce, domin kunama biyu ana yin su ne saboda mai harbi ya taɓa ta gaba kaɗan bindiga ta tashi ba tare da saiti ya goce ba. Tun da kuma da hular jan ƙarfe take aiki, ba za ta wuce shekarun 1830 ko 1840 a tsufa ba.

Amsa ta biyu:

Malam, ka yi daidai game da aikin kunamar, sai dai ban yarda da hukuncin da ka yanke a kanta ba. Mafarautan Jamus sun daɗe suna amfani da kunama biyu, ana jan ta baya a ɗana, ta gaba kuma ta saki da taɓawa kaɗan, saboda haka samunta ba ya raba ta farauta da ta gasa. Siffar da ɗan'uwanmu ya bayar ita ce ta bindigar da ake kira Jäger, wato ta mafarauci: gajeren bututu mai kauri, rami mai faɗi da ke ɗaukar dunƙulen dalma wanda zai kayar da barewa ko aladen daji, da akwatin nan na gindi inda ake ajiye ƙyallayen da aka shafa wa kitse don naɗe harsashi kafin a tura shi.

Tambayar da nake fara yi wa kowace irin wannan bindiga ita ce, an ƙera ta ne don a yi yawo da ita, ko don a tsaya wuri ɗaya? Ta farauta tana da ƙawanya biyu na rataya, ɗaya kusa da baki, ɗaya a ƙarƙashin ƙota, gindinta a shafe yake don a ɗora shi a kafaɗa cikin sauri, kuma saitinta ganye ne ɗaya tsayayye, wani lokaci da ƙarin ganye ɗaya ko biyu da ake ɗagawa idan dabba tana nesa. Ta gasa kuwa nauyinta kaɗai zai gaya maka ba a yi ta don hawan dutse ba. Ƙarfen gindinta yana da ƙugiya da ke shiga ƙarƙashin hammata, wurin ɗora kunci babba ne, kuma a bayan bututu akan samu saiti mai ƙaramin rami da ake leƙawa, ko aƙalla gurbin da aka taɓa dasa shi. Waɗanda aka ƙera bayan tsakiyar ƙarni na 19 raminsu ya fi ƙanƙanta, saboda an koma harsashi mai tsini. A wannan zamanin ne aka kafa ƙungiyar maharba ta ƙasa a Gotha a 1861, aka yi babbar gasa ta farko a Frankfurt a 1862, kuma nisan mita 175 da mita 300 ya zama abin da ake ƙera bindigogin gasa dominsa.

Batun shekaru shi ne wurin da mutane suka fi ruɗewa. An mayar da bindigogin ƙanƙara masu yawa zuwa na hula a shekarun 1830 da 1840, domin mai bututu mai kyau ba ya jefar da shi don kawai an sami sabuwar hanyar kunna wuta. Ka duba farantin ƙarfen da ke gefe da kyau a cikin haske. Idan ka ga ramukan kusoshi da aka toshe a gabansa, ko zanen ado da ya yanke a tsakiya inda aka sare kaskon albarushi, ko kuma wani ɗan ƙarfe mai kamar ganga da aka murɗa a gefen bututu daidai tsohon ramin wuta, wato ƙofar da wuta ke bi ta kai ga albarushi, to bindigar ta girmi hularta, wataƙila da shekaru masu yawa.

Amsa ta uku:

Ina ƙara bayani a kan tambari kawai. Rashinsa ba aibi ba ne ko kaɗan, domin dokar gwajin bindigogi ta Jamus baki ɗaya an yi ta ne a 1891, ta fara aiki a watan Afrilun 1893, lokacin da bindigar ɗuri ta riga ta zama tsohon yayi. Idan ka ga kambi a kan harafin V, ma'anarsa ita ce bindigar tana cikin kayan ajiyar wani ɗan kasuwa ko maƙeri lokacin da dokar ta shigo, ba wai a shekarar aka ƙera ta ba. Sunan da ke saman bututu sau da yawa na wanda ya haɗa bindigar ne ko ya sayar da ita, shi kuwa wanda ya ƙera bututun yakan buga alamarsa a ƙarƙashi, inda katako ya rufe. A can ne kuma ake ganin haruffan ELG cikin da'ira mai kamar ƙwai, wanda ke nuna bututun daga Liège ta Beljiyam ya zo. Suhl da maƙwabciyarta Zella-Mehlis sun ƙera bindigogi da yawa ƙwarai, don haka sunan garin shi kaɗai ba ya ƙara mata daraja kamar yadda sunan gidan maƙeran bindiga na Kuchenreuter da ke Regensburg zai yi. Idan kuma ka ga rubutun Turanci da ke gargaɗi a kan irin albarushin da za a zuba, to kwaikwayo ce ta zamanin nan.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na duba, akwai ƙawanyar rataya a gaba da gurbin ta baya, gindin a shafe yake, kuma na ga ramuka biyu da aka toshe a farantin gefe. Shin zan iya cire bututun da kaina in duba ƙarƙashinsa?

Amsa ta biyu:

Abin da ka gani ya nuna ta farauta ce da aka mayar daga ƙanƙara. Kafin ka taɓa komai, ka zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi mata alama a baki, ka zaro ta ka jera ta a wajen bututun. Idan ba ta kai inda ramin wuta yake ba, ka ɗauka a ɗure take, domin baƙin albarushi yana iya tashi ko bayan shekaru masu yawa. Cire bututun kuwa ka bar wa maƙerin da ya saba da tsofaffin bindigogi, saboda katakon gaba siriri ne kuma yana tsagewa idan aka buge kusoshin da ke riƙe da shi ta gefen da bai dace ba. Kada ka goge duhun da ƙarfen ya yi da yashi ko da wani sinadari, ka shafa masa mai kaɗan kawai, sa'annan ka ɗauki hoton duk alamar da aka samu a ƙarƙashi kafin a mayar da shi.