Taƙaitawar Shawarwari kan Warware Intigiral da Ƙa'idojin Tirigonometiri

A zaman bitar kalkulas (reshen lissafi da ke nazarin yadda abubuwa ke sauyawa) da wasu ɗaliban lissafi suka yi a Tudun Wada, Kaduna, shawarar da aka fi nanatawa kan warware intigiral (lissafin da ke tara ƙananan sassa ya ba da jimilla) ita ce a duba fawar sin da cos (ma'aunan kusurwa na tirigonometiri), wato ƙaramar lambar da ke samansu, kafin a ɗora alƙalami a takarda. Idan fawar mara ce, kamar sin³x, sai a ware sin x guda ɗaya, a mayar da ragowar sin²x zuwa 1 − cos²x, sannan a sanya u a madadin cos x. Malamar da ta jagoranci zaman ta yi wannan a allo, amsa ta fito −cos x + cos³x/3 + C, inda C ke nufin lambar da ba ta canzawa wadda ake ƙarawa a ƙarshen amsar intigiral.

Idan kuwa fawar cika ce, kamar sin²x, wannan dabara ba ta ci, dole a koma ga ƙa'idar ninkin kusurwa, wato sin²x = (1 − cos 2x)/2, wadda ke bayar da x/2 − sin 2x/4 + C.

An ɗan yi ja-in-ja kan haddace ƙa'idoji. A ganina masu cewa a riƙe kaɗan, kamar sin²x + cos²x = 1, a koyi fitar da sauran daga gare su, sun fi gaskiya. An kuma tunatar cewa mantawa da C na zubar da maki.