Neman shawara: taimakon da nake yi na neman durƙusar min da gidan burodi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin dan Allah a ɓoye sunana, akwai waɗanda muke unguwa ɗaya a nan.

Ina da gidan burodi a Kano, shekara bakwai kenan, da kuɗin gadon mahaifinmu Allah ya jiƙansa na fara, kuma tun ranar da aka hura wutar farko na ƙudurta a raina ba kuɗi kaɗai nake nema ba, so nake wajen ya amfani unguwa. Yanzu yara 14 ne a ƙarƙashina, tsakani da Allah mutum 9 sun ishi aikin, sauran iyayensu ne suka zo har gida suka roƙe ni a raba su da zaman majalisa, biyu ma marayu ne. Masu shayi wajen 20 ina ba su kaya sai sun sayar su kawo, wasu na kawowa wasu kuma sai dogon labari. Kullum bayan magariba almajirai layi suke a ƙofa, da ragowar jiya nake ba su, yanzu in babu ragowa sabo nake ɗebowa don bana iya kallon idonsu.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya rikice, fulawa ta ninka, suga, bota, itace, dizal, har ledar ƙunshi. Da buhu 12 nake kwaɓawa a rana yanzu da ƙyar 7. Watan jiya sai da na sayar da babur ɗina na sayi fulawa don dilan da nake ɗauka a wajensa a Singa ya ce ya daina ba ni bashi. Wani abokina shi ma mai gidan burodi ya ce in kori yara biyar, in rufe bashi, in rage nauyin kwaɓi a kowane gwangwani, in sa sakarin a madadin rabin suga sannan in sa hodar nan da ke kumbura burodi, wai shi haka yake yi yake tsira. Uwargida kuma ta ce ni na zama gwamnatin unguwa alhali kuɗin makarantar yaranmu ma ba mu cika ba. Wlh bana bacci. Shin dole sai mutum ya zaɓi ɗaya ne, ko riba ko alheri? Ku ba ni shawara dan Allah.

Maman Hanan:
Allah sarki, har na yi hawaye. Ɗan uwa dan Allah kar ka kori marayun nan, sadaka bata taɓa rage dukiya ba, ƙila ma albarkacinsu ne har yau ba ka rufe ba. Allah ya kawo maka mafita.

Tsohon Akanta:
Alhaji kafin kowa ya ce maka komai, nawa buhu ɗaya yake tashi daga fulawa har leda, kuma nawa yake fitarwa? Nawa kake bin masu shayi a yau ɗin nan? Kana yanka wa kanka albashi ko aljihunka da aljihun gidan burodi ɗaya ne? Na rantse in aka ritsa ka ba za ka iya faɗa ba, ba kuma raini ba ne, shekara 30 ina duba littafin 'yan kasuwa mafi yawansu haka suke. Kai kana ganin daga riba kake taimako, amma mutumin da ya sayar da babur ya sayi fulawa ai uwar kuɗi yake rabawa. Irin shuka kake dafa wa baƙi, baɗi da me za ka shiga gona? Ka sayi littafi na ɗari biyar ka rubuta komai na wata guda har burodin da yaranka ke ci da safe. In riba ta bayyana ka yanke mata kaso, ko biyar bisa ɗari ko goma, ka ce wannan na alheri ne, in ya ƙare ranar 20 ga wata to ya ƙare, a jira wata mai zuwa.

Abu Sumayya:
Hajiya Maman Hanan hadisin da kika kawo sahihi ne, amma addinin nan dai shi ne ya ce kada ka sanya hannunka a ƙuƙunce zuwa wuyanka, kuma kada ka shimfiɗa shi dukkan shimfiɗawa har ka zauna abin zargi, aya ta 29 a Suratul Isra'i. Sa'ad bin Abi Waƙƙas da ya so yin wasiyya da kaso biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi SAW bai yarda ba, ya ce rabi aka ce a'a, sai sulusi, sulusin ma da yawa, ka bar magadanka a wadace ya fi ka bar su suna roƙon mutane. To ɗan uwa uwargida tana da gaskiya, haƙƙinta da na yaranka wajibi ne, burodin almajirai nafila. Batun bashi kuma, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi take, to meye abin kunya ka ce mai shayi ya sa hannu? Sannan ka lissafa zakkarka yadda ya kamata, kuɗin da ke hannu da kayan sayarwa da bashin da kake sa ran dawowarsa, in sun kai nisabi shekara ta zagayo ka fitar da 2.5 cikin ɗari, tanda da injin kwaɓi ba sa ciki. Kar dai ka ce za ka yafe wa mai shayi bashin da ya riga ya mutu ka lissafa shi zakka, malamai da yawa ba su yarda da haka ba. Shawarar abokinka kuwa ta hoda da rage nauyi a ɓoye, wannan algus ne, wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Nas Bilki:
Ni kan hodar nan zan yi magana. Buromet ce, NAFDAC ta haramta ta a burodi sama da shekara 20 da suka wuce, don an danganta ta da cutar ƙoda da ciwon daji. Alhaji ka tsaya ka yi lissafi, almajiran da kake ba burodi ƙila su 30 ne, masu cin burodinka da kuɗinsu kullum kuwa sun haura dubu, har da masu ciki da yaran da ake jiƙa musu a shayi. Ni a ganina babban alherin da kake yi a unguwar nan ma baka lissafa shi ba, shekara bakwai kana ba mutane abin da ba zai kai su layin wankin ƙoda ba. Ka je ka ga layin nan sau ɗaya za ka gane me nake nufi. In nauyi za ka rage ka rage a fili, ka fito da ƙarami ka sa masa kuɗinsa, mutane ba wawaye ba ne.

Ɗan Kwari:
Ku yi haƙuri ni ba zan lallaɓa shi ba. Malam kasuwa ba gidan marayu ba ce. Ranar da ka rufe, mutum 14 ne za su koma majalisa ba 5 ba, almajiran nan layin wani za su koma, iyayen da suka roƙe ka su ne za su fara cewa dama bai iya kasuwa ba. Kuma yaron da ka ajiye babu aikin yi kana ba shi kuɗi a ƙarshen sati ba taimakonsa kake ba, lalata shi kake. Mu a Kwari ubangidana shekara 8 na yi masa, bai taɓa ba ni kyautar banza ba amma ya koya min awo da lissafi da sanin mai biya da maƙaryaci, ranar sallama ya ba ni kaya da rumfa, yau ni ma na sallami mutum huɗu. Yaran nan biyar fitar da su daga cikin gida, kowa a ɗaura masa akwati a keke ya shiga unguwannin da burodinka bai kai ba, shagunan lungu, bakin makarantu, tasha, a biya shi kamasho akan abin da ya sayar. Mai zuciya cikin wata uku zai fi albashinsa na da samu, kai kuma buhunka ya ƙaru. Wanda ya ƙi ya sallami kansa, ba kai ka kore shi ba.

Maman Hanan:
Kai Ɗan Kwari bakinka da zafi, amma dai akwai gaskiya. Marayun dai a duba shekarunsu kar a tura ƙaramin yaro titi da keke.

Sarkin Shayi:
To fa an fara zagin mu. Ni mai shayi ne kuma gaskiya in aka rufe mana bashi gaba ɗaya rabin mu tebur za mu kife, domin jarin mai shayi bai wuce na madara da ƙwai da indomi ba. Amma Alhaji laifinka ne da kake ƙara wa mutum kaya bai kawo na baya ba. Gidan da nake ɗauka dokarsu ɗaya ce, kawo na jiya ka ɗauki na yau, ko limamin unguwa ne kai. Shekara biyar ba mu taɓa faɗa ba. Tsohon bashin kuma kar ka ce a kawo dunƙule, ba za ka gani ba, ka ce kowa ya riƙa ɗora ɗari biyar kullum akan kuɗin ranar, a hankali zai narke. Kuma mun san junanmu, ka kira mutum uku manya a cikinsu za su gaya maka wanda babu ce ta hana shi da wanda aure ya ƙara da kuɗinka.

Ɗalibi a Turkiyya:
Baba ni ƙaramin ku ne amma ga abin da nake gani a nan. A gidajen burodinsu akwai wata tsohuwar al'ada da suke kira askida ekmek, wato burodin rataye. Mutum ya zo sayen ɗaya sai ya biya kuɗin biyu ya ce ɗayan a rataye, mai wajen ya sa a leda ya rataye ko ya rubuta a allo. Mabuƙaci ya zo ya tambaya akwai na rataye, a ba shi ba wanda ya san wa ya biya. Kaga mai gidan burodi ciniki ya yi, talaka ya ci, mai bayarwa ya samu lada. Inaga a Kano ma zai yi sosai musamman ranar Juma'a da azumi, mutanen mu akwai son sadaka, hanya ce kawai ba a buɗe musu ba. Me zai sa kai kaɗai ka ɗauki ladan unguwa guda har ya karya ka?

Baban Amira, Amurka:
Ƙanena akwai wani gidan burodi a garin Yonkers kusa da birnin New York, Greyston sunansa, tun 1982 yake. Su ba sa tambayar takarda ko tarihin mutum, ko daga gidan yari ka fito ka rubuta suna a layi, in gurbi ya samu a kira ka. Amma ka lura, sai gurbi ya samu, ba sa ɗaukar mutum 14 a aikin mutum 9, kuma in ka shiga aiki ne na gaske, su ke yi wa kamfanin askirim na Ben & Jerry's kek ɗin cakulan da ake sawa a ciki, da a ce kayansu ba kyau da tuni an yar da su da tausayin nasu. Akwai kuma kamfanin takalma TOMS da ya fara a 2006 da tsarin ka sayi ɗaya a ba talaka ɗaya kyauta, duniya ta yi ta tafi, a 2019 bashi ya ci su har masu bin su suka karɓe kamfanin, tsarin ma aka canza shi zuwa ba da kaso daga riba. Wato abin da Tsohon Akanta ya faɗa maka kyauta, su sai da suka sha wuya suka gano.

Ɗan Kwari:
Baban Amira kun fiye kai mu nesa, Sarkin Shayi ma ya gama maganar a layi biyu.

Mai tambaya, ta hannun admin:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, sati uku kenan ga inda aka kwana. Yallaɓai Akanta ka gama da ni, na sayi littafin, bashin masu shayi da nake cewa bai fi dubu ɗari uku ba ashe ya haura dubu ɗari takwas, na kuma gano ƙaramin burodin da nake ganin shi ne na talaka faɗuwa nake yi a kowane ɗaya, na ƙara masa naira 50 na rubuta na manna a ƙofa, an yi surutu kwana biyu an daina. Dokar kawo na jiya ta fara, mutum huɗu sun yi fushi sun koma wani gida, ɗaya ya dawo. Yaran biyar na zauna da su da iyayensu, uku sun karɓi keke, na haya na samo musu, ɗaya a cikinsu har ya samo min shaguna shida a wata sabuwar unguwa, ɗaya ya ce shi ba zai yi talla ba ya tafi, babarsa har yau bata amsa gaisuwata kuma abin na damuna ba zan ɓoye ba. Ƙaramin marayan da Hajiya Maman Hanan ta yi magana a kai na bar shi ciki yana koyon kwaɓi da safe, da yamma islamiyya. Allon rataye na kafa shi, limamin mu ya yi sanarwa, Juma'ar farko 11 aka biya, ta biyu 40 da wani abu, amma ranar Talata da Laraba allon wayam, yaran kuma suna zuwa, jiya dai na saci jiki na rataye biyar daga albashin da na yanka wa kaina, kar a gaya wa Akanta. Abokina na ce masa hoda dai ba da ni ba. Saura babur, uwargida ta ce kuɗin makaranta tukuna. Wanda ya san inda ake samun akwatin ɗaurawa a keke mai araha a Kano dan Allah ya ajiye wa admin, guda biyu nake nema.