Cutar siliyak ga manya: abin da muka tattara daga zaman Tahoua

Ranar Asabar mun zauna a Tahoua da wata likita da mata huɗu masu fama da ciwon jiki. Abin da ya fi tsaya mini a rai: ga babba, siliyak ba kullum take zuwa da zawo ba. Wani sai ƙarancin jini da ya ƙi jin maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, kasala, kumburin ciki, gyambon baki, ciwon gaɓoɓi. A cutar siliyak, sinadarin gulutan na alkama da sha'ir ne ke sa garkuwar jiki ta lalata ƙaramin hanji.

Nan ake ruɗewa da fibiromiyaljiya, wata cuta mai sa ciwon jiki ko'ina fiye da wata 3 da barci marar daɗi. Suna kama, kuma mutum guda na iya ɗauke da duka biyun. Shi ya sa likitar ta ce a nemi gwajin jini, in ya nuna a duba hanji.

Ta nanata, kar a bar burodi da taliya kafin gwaji, don in an bari sakamakon na iya ɓoye cutar.

In cutar ta tabbata, hatsi (gero), dawa, masara, shinkafa da rogo duk lafiya lau. Wata baiwar Allah ta ƙara da cewa a kula da injin niƙa, kar a kai hatsi bayan an niƙa alkama.