Ina ƙungiyar gari za ta nemi tallafin dashen itatuwa da tare zaizayar ƙasa?

Sakataren Ƙungiya, arewacin Jigawa, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina yi wa iyayenmu da 'yan'uwa na wannan zaure fatan alheri. Ni ne sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari a arewacin jihar Jigawa, ba nisa da iyakar Nijar, kuma mafi yawan 'ya'yan ƙungiyar manoman gero da riɗi ne, sai 'yan malaman makaranta da 'yan kasuwa. Abubuwa biyu ne suka hana mu barci. Na farko shi ne iskar farkon damina, wadda take kwaso rairayi ta binne shuka tun tana ganye biyu, har sai manomi ya sake neman iri. Na biyu kuma wani kwari ne da ruwan sama ya haƙa a yammacin gari, wanda yake ƙara ci kowace shekara, yanzu saura kaɗan ya taɓa katangar maƙabarta.

Ba zaune muke ba. Muna yin aikin gayya mu jera buhunan ƙasa a bakin kwarin, mun kuma dasa darbejiya a gefen gari da kuɗin karo-karo, amma kafin bazara ta wuce awaki da ƙishirwa sun gama da mafi yawansu. Muna jin ana faɗa a rediyo cewa akwai kuɗin tallafi da aka ware domin irin wannan aiki. Tambayata ita ce, su wa suke bayar da shi, me suke nema a hannun ƙungiya, kuma rajistar da muka yi a ƙaramar hukuma ta wadatar ko sai mun ƙara da wata? Sannan akwai wani mutum da ya zo mana da fom ya ce mu biya kuɗi zai shigar da sunanmu, mun ce ya dakata sai mun yi shawara. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Malamin Daji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya yi wa ƙoƙarinku albarka. Shawarata ta farko ita ce ku raba waɗannan matsaloli biyu, kada ku haɗa su a takarda ɗaya, domin ba ƙofa ɗaya ake bi a kansu ba. Kwarin da ya kusa cin katangar maƙabarta aikin injiniyoyi ne, yana buƙatar awo da magudanar ruwa da duwatsu da siminti, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin tallafi. Dashen itatuwa da shingen tare iska su ne irin aikin da ake damƙa wa ƙungiya a hannu.

A kan kwarin, ku nufi ofishin shirin ACReSAL na jiharku. Bankin Duniya ya amince da shirin a watan Disamba na 2021 da kuɗi dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma babban burinsa shi ne farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace. Shi ne ya biyo bayan shirin NEWMAP wanda ya yi fama da kwaruruka a jihohi da dama. Sai dai ku fahimci yadda yake tafiya tun kafin ku sa rai: ba a ba ƙungiya kuɗin gyaran kwari a hannunta, ofishin jiha ne yake zaɓar wuraren aiki bisa magudanan ruwan yanki, sannan ya ba ɗan kwangila. Abin da ya rage gare ku shi ne ku sa garinku ya shiga idon masu zaɓar. Ku rubuta koke da sa hannun dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, ku auna tsawon kwarin da zurfinsa, ku haɗa da hotunan da aka ɗauka a tsakiyar damina lokacin da ruwa ke gudu a cikinsa, ku kai kwafi ofishin shirin, kwafi kuma Ma'aikatar Muhalli. Akwai kuma wani ɓangare na shirin da yake ba ƙungiyoyin manoma kuɗin juyawa, amma wannan rance ne da ake biya domin wasu su karɓa, kuma ya kamata a faɗa wa mutane haka ƙarara tun daga farko, saboda yawancin rigimar da ake samu daga baya tana tasowa ne idan jama'a suka ɗauka kyauta ce.

A kan itatuwa kuwa, ƙofar da aka yi domin irinku ita ce shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, wato GEF, wanda aka fara a 1992 ƙarƙashin hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma soma aiki a Najeriya a 2009. Yana ba ƙungiyoyin al'umma kai tsaye, ba ta hannun gwamnati ba, kuma a shekarun baya iyakar abin da yake bayarwa ga aiki ɗaya dala dubu 50 ne, galibi ma bai kai haka ba. Lalacewar ƙasa tana cikin manyan fannoninsa. Ana fara aika gajeriyar takarda mai bayanin manufar aikin, idan kwamitin ƙasa ya ga da alama sai a nemi cikakken tsari, kuma kuɗin ba ya fita gaba ɗaya, kashi-kashi ake sakinsa bayan an ga rahoton wanda ya gabata. Suna kuma son su ga abin da al'umma za ta sa daga nata ɓangaren, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba dole ne ya zama tsabar kuɗi ba. Filin da gari ya bayar da gumin aikin gayya duk ana yi musu ƙima a rubuta su.

Kada ku manta da Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka a 2015, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu. A wurinta da wurin sashen gandun daji na jiha abin da ya fi sauƙin samu shi ne dashe da horo, ba kuɗi ba, kuma duk abin da kuka samu a nan ragi ne a kan kasafinku.

Ma'ajiyar Ƙungiyar Mata, Katsina, ta amsa:

Assalamu alaikum. Baba Malamin Daji ya nuna ƙofofi, ni kuma zan yi magana a kan abin da ake tambaya idan an ƙwanƙwasa, domin a nan ne na ga ƙungiyoyi masu kyakkyawar niyya suna tsayawa.

Da farko, Malam Sakatare, wancan mai fom ku sallame shi cikin mutunci. Masu bayar da tallafi na gaskiya suna sanar da buɗe nema a shafukansu na intanet da jaridu, kuma ba sa karɓar kuɗin fom ko kuɗin shigar da suna.

Rajistar ƙaramar hukuma tana da amfani, kuma wasu shirye-shiryen jiha suna karɓarta, musamman idan an haɗa da rajistar ƙungiyar gama kai ta ma'aikatar jiha. Amma mafi yawan masu bayar da tallafi daga waje suna neman takardar hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, irin ta ƙungiya mai amintattu, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar kundin tsarin mulkin ƙungiya, da bayanan taron da aka zaɓi amintattu, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan wannan akwai lambar haraji, da takardar sashen SCUML na hukumar EFCC, mai sa ido kan halasta kuɗin haram, wadda bankuna kan tambaya kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Asusun nan dole ya kasance da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba komai amanarsa, kuma kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu aƙalla. Duk wannan yana cin lokaci, saboda haka ku fara tun yanzu, kada ku jira sai an buɗe nema. Idan kuma nauyin ya yi muku yawa a bana, kuna iya jingina da wata ƙungiya mai cikakkun takardu a Dutse ko Haɗeja ku nema tare, amma a rubuta yarjejeniyar wa zai riƙe me.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tsara kasafin kuɗi. Sau da yawa za ka ga an cika takarda da kuɗin dashe da riguna da rumfar ranar ƙaddamarwa, babu ko layi ɗaya na ban ruwa. Alhali ku da kanku kun faɗi abin da ya kashe darbejiyarku: akuya da ƙishirwa. To, mafi girman kasonku ya tafi ga ruwa da keji da ladan mai gadi, daga ɗaukewar damina har faɗuwar wata daminar, na tsawon rani biyu aƙalla. Ku rubuta adadin da kuke sa ran zai rayu bayan shekara biyu, ba adadin da za ku dasa kaɗai ba, domin mai karanta takardarku ya san bambancin. Ku samo littafi mai kauri ku riƙa shigar da kowane karo-karo da kowane rasit, da sunayen waɗanda suka fito gayya, da hoto mai kwanan wata. Ƙungiyar da ta nuna yadda ta kashe ƙananan kuɗinta ita ake yarda a ba manya.

Ina kuma roƙon ku da ku shigar da mata cikin shugabancin aikin, ba don cika sharaɗin masu tallafi kawai ba. Mu ne muke fama da neman itacen girki, kuma renon dashe a leda aiki ne da ake yinsa a cikin gida da ruwan wanke-wanke. A ƙungiyarmu matan da suka reni zogale da mangwaro a tsakar gida su ne suka fi kowa kishin kada akuya ta taɓa su bayan an dasa.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Ban musanta ko ɗaya daga cikin bayanansu ba, amma ina ganin an yi saurin tafiya neman kuɗi kafin a duba abin da yake cikin gonakin. Ƙasarku da tamu ɗaya ce, iyaka ce kawai ta ratsa. A jihar Maraɗi an sha dashe a shekarun baya, yawancinsa bai rayu ba. Abin da ya sauya fuskar gonakinmu shi ne sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga 1983 da ƙoƙarin manoma da wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga kututture a ƙone, sai manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa gyara su kowace shekara. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, don haka babu ban ruwa, babu leda, wuƙa ko adda kawai ake buƙata. Da wannan hanya aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ku duba gonakinku da kyau, za ku ga sabara da kalgo da magarya da gawo suna tohowa. Gawo ya fi su daraja a wurin manomi, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Abin da yake da wuya ba yankan ba ne, tsaron ne. A ƙauyen Ɗan Saga da ke jihar Maraɗi jama'a sun kafa kwamitin lura da itatuwa da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka yi wa kansu dokar sara da tara. Idan kuka yi irin wannan shekara ɗaya kuka ɗauki hotunan gonakin kafin da bayan, takardarku za ta bambanta da ta masu cewa za su fara idan an ba su.

Sakataren Ƙungiya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa shugabanninmu amsoshinku, mun kuma tsayar da cewa za mu fara maganar rajista da kuma koken kwarin a lokaci ɗaya. Saura tambayoyi biyu, Baba. Filin da muke son yin shingen a kai na gari ne a bakin kowa, amma babu takarda, kuma wani gefensa yana dab da burtali. Wannan zai iya hana mu samu? Sannan idan rijiya ce muke buƙata domin ban ruwan, shirin GEF ɗin ne zai haƙa mana ko akwai wata hanya?

Tsohon Malamin Daji ya sake amsawa:

Zai iya hanawa, kuma ko bai hana ba zai iya rusa aikin bayan an kashe kuɗi, saboda haka ku gama da shi kafin komai. A taru a gaban dagaci da masu gonakin da ke maƙwabtaka da filin da arɗon Fulanin da ke bin burtalin, a zaga iyakar da ƙafa, a kafa alama, a rubuta a sa hannu, sannan hakimi da sashen filaye na ƙaramar hukuma su buga hatimi. Kada ku ci ko taku ɗaya na burtali. A rubuta kuma wa yake da ikon sassabe reshe da ɗibar 'ya'ya idan itatuwan sun girma, domin mutane ba sa tsaron abin da ba su san rabonsu a ciki ba. Idan wani mai hali ya ba da gonarsa waƙafi domin aikin, shi ma a rubuta a gaban shaidu da magadansa.

Rijiya tana iya shiga cikin kasafin idan kun nuna cewa rayuwar dashen ta dogara da ita, amma kada ta cinye rabin kuɗin har aikin ya koma na ruwa. Gara ku nema mata hanya dabam. Ofishin jakadancin Japan a Abuja yana da tallafin ayyukan al'umma da ya fi karkata ga abin da ake ginawa a gani, irin su rijiyar burtsatse da ajujuwa da ɗakin shan magani, kuma yana duba tarihin ayyukan ƙungiya da lissafin kuɗinta na shekarun baya. Ofishin jakadancin Kanada shi ma yana da asusun ƙananan ayyuka da yakan buɗe nema a shekara, kuma muhalli yana cikin fannonin da yake dubawa. Kafin waɗannan, ku tuntuɓi ɗan majalisar mazaɓarku da 'yan asalin garinku mazauna Kano da Legas da Abuja, ku kai musu ƙiyasin haƙa rijiyar a rubuce daga masu aikin guda biyu ko uku, tare da takardar filin da kuka sa wa hannu.